Tayoyin Da Suka Tsufa A Kan Rufinmu

Shekarun baya, kafin yaƙi ya watsa mu daga Omdurman, ina tsakiyar gadar Farin Nilu da rana tsaka sai na ji sitiyari yana bugawa a tafin hannuna. Ba irin girgizar ramin hanya ba ce. Bugu ne ɗaya-ɗaya, dum, dum, dum, kamar ka ɗora hannu a ƙirjin wanda ya sha gudu. Na rage gudu, bugun ya ragu. Na ƙara, ya ƙaru.

Mahaifiyata tana kujerar baya, ta matse babbar tukunyar miya tsakanin gwiwoyinta.

"Ke, tuƙi kike ko tankaɗe?" in ji ta. "Miyar nan na motsa ta tun a gida, ba ta neman taimakonki."

Ita wasa take yi, ni kuwa zuciyata ta riga ta tafi kan tayoyin gaba, domin ni na sa aka ɗaura su jiya-jiya.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane yadda aka yi yarinyar da ta gama sakandare take jan motar haya a kan gada.

Mu huɗu ne a gidanmu, duka mata, ni ce babba. Mahaifina direban amjad ne, ƙaramar motar hayar nan mai kama da akwati. Kakansa ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa zai tafi aikin hajji, ya yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Tun ina 'yar shekara sha shida Baba yake kai ni wani fili a bayan unguwarmu Alsawra ranar Juma'a da safe, ya ba ni sitiyari. In maƙwabta suka yi magana sai ya ce, "Allah bai ba ni namiji ba, ya ba ni direba." A shekarar da nake ba ku labari na riga na karɓi lasisi, shi kuma an yi masa aikin yanar ido. Ido ɗaya a rufe da auduga, ɗayan ma dishi-dishi yake gani. Likita ya hana shi tuƙi, ya hana shi shiga rana. Sai zirga-zirgar gida ta dawo wuyana.

Ana cikin haka 'yar ƙanwar mahaifiyata ta haihu a Alshajara, can kudancin Khartoum. Inna, wato mahaifiyata, ta yi alkawarin ita za ta kai waina da miyan taushe ranar suna. Ta ce kowa kisra zai kai, gurasar nan ta mutanen Sudan, ita sai ta tuna wa mutane daga inda suka fito.

Matsalar ita ce tayoyin gaban motar sun cinye, sun yi sumul kamar tafin hannu. Ni da kaina na ga hakan bai dace da hanya mai nisa ba. To a nan ne wayona ya motsa.

Duk wanda ya san unguwanninmu ya san ba a barin rufin kwano haka nan. In habub ta taso, guguwar nan mai jar ƙura, sai ta yaye maka rufi ta kai wa maƙwabcinka. Shi ya sa kowa yake ɗora nauyi a sama, duwatsu ko matattun tayoyi. Na kowa matattu ne, ban da namu. Wata shekara da Baba ya samu sarari ya je Kasuwar Libiya ta nan Omdurman ya dawo da tayoyi biyu masu zurfin zane, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje, ya ɗora su a kan rufin rumfar tsakar gida. Yana alfahari da dabarar nan. Ya ce suna danne kwano, suna jiran ranarsu, kuma babu ɓarawon da zai hau rufi neman taya, don kowa ya ɗauka gawa ce. Tun ina firamare nake ganinsu a can, har na daina ganinsu.

Ana jibi suna na jingina tsani na hau. Na mirgino su ƙasa, na wanke su da omo da soso, suka yi baƙi ƙirin suna ƙyalli. A gefen kowace akwai wani ɗan zane, dutse mai kai uku da abu kamar fure a cikinsa. Har na nuna wa ƙannena, na ce ku ga taya mai ado. Na gangara da ɗaya har gaban Baba inda yake kishingiɗe. Bai iya ganinta ba, sai ya miƙa hannu ya laluba, ya cusa farcen babban yatsansa cikin zanen. Haka yake auna taya tun ina ƙarama. In zane ya haɗiye farce, taya tana da rai.

"Ya nutse duka," in ji shi, yana murmushi. "Sabuwa fil. Ranarsu ta zo."

Washegari na kai su wurin mai faci na unguwa. Ya jujjuya ɗaya, ya ɗan ɓata fuska, ya ce, "Kin tabbata?" Na ce masa ba su taɓa taka ƙasa ba, da wata murya ta wadda ta ci jarrabawar kimiyya. Ya ɗaga kafaɗa ya ɗaura. Tsofaffin kuma na kai su rufi, na ajiye a gurbin waɗancan. Na kwana ina jin kaina.

To mu dawo kan gada.

Watan zafi ne, irin zafin da kwalta take laushi. Mun wuce rabin gadar ke nan sai na ji ƙara daga dama ta gaba, fat! fat! fat! kamar ana dukan jikin motar da bulala. Wani baƙin abu ya taso ya doki madubin gefe, madubin ya tafi. Warin ƙonanniyar roba ya cika motar. Sitiyari ya fara fizgata dama, kuma a dama babu komai sai ƙarfen gada. Ta tsakanin ƙarafan ina ganin ruwa, shimfiɗe, fari-fari, ko motsi ba ya yi. Ban iya iyo ba. Inna ma ba ta iya ba. Wannan tunanin ne ya zo mini, wallahi, a lokacin da ya kamata in yi salati.

Ƙafata ta tafi birki da kanta. Sai na ji muryar Baba a kunnena, yadda yake nanata mini a filin nan har ina ƙosawa: in taya ta ci amanarki kada ki taka birki, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari da hannu biyu, ki bar mota ta gaji da kanta. Na janye ƙafar. Na ƙanƙame sitiyari har yatsuna suka yi fari.

A bayanmu akwai babbar mota ɗauke da jan bulo. Ta danna mana ham, ƙarar ta shiga har cikin haƙorana. Na ce shi ke nan, in ruwa bai ci mu ba wannan za ta niƙe mu. Sai ham ɗin ya tsaya. Na leƙa madubin ciki, na ga ta rage gudu, ta kunna fitilun gefe biyu, ta biyo bayanmu daf-daf tana tare sauran motoci. Direban ya gane. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Inna ta daina wasa. Na ji tana Innalillahi a hankali, sau biyu, sau uku. Sannan ta ce da wata murya da ban san tana da ita ba, "Riƙe, 'yar Baba. Ni na riƙe miya, ke ki riƙe mu."

Ban san minti nawa muka yi ba. Motar tana ɗingishi, bulalar tana dukanta, ni ina ja hagu ita tana ja dama. Da muka fara gangarowa ɓangaren Khartoum sai na hango wani tsoho ya fito daga ƙarƙashin bishiyar darbejiya yana kaɗa tsumma, yana nuna mini fili a gefen titi. Na bi hannunsa kamar makauniya. Na taɓa birki kaɗan-kaɗan, motar ta tsaya a cikin ƙura. Ko numfashi ban sauke ba tayar ta yi wani dogon tsaki, motar ta durƙusa ta dama kamar raƙumi.

Wurin faci ne, banshar muke cewa a can. Rumfar buhu, injin iska, rabin ganga mai baƙin ruwa, da tsohuwar kwantena a baya. Tsohon ya zo tagata, ya ce da Larabci, "Hamdilla ala salama, ya bitti." Wato barka da arziki, 'yata. Na kasa sakin sitiyari. Shi ya ɓamɓare mini yatsu ɗaya bayan ɗaya ta saman tsummansa.

Inna ta fito, ta dubi tob ɗinta, lulluɓin da ta ajiye musamman don sunan nan, ya sha miya tun daga gwiwa har ƙasa. Ta ce da Hausa, "Wayyo kabewata!"

Tsohon ya juyo da sauri. "A'a! Ashe 'yan gida ne!" Hausarsa irin ta kakanni ce, mai nauyi. "Hajiya, miyan taushe ake zubarwa a ƙofar rumfata, ni ko ɗanɗano ban yi ba?"

"Malam, ka gyara mana ƙafar motar nan, ka ga ɗanɗano."

Na zagaya na ga tayar. Zanen nan mai zurfi da nake taƙama da shi ya saɓule kamar ɓawon ayaba, rabi yana reto, rabi yana can kan gada. Wayoyi sun fito tsirara. Na ce, "Ammu, akwai safaya a baya. Ku ɗaura mana ita kawai, ana jiranmu a Alshajara." Ammu muke kiran duk dattijon da ya kai sa'an uba.

Bai ko dubi safayar ba. Ya tafi hagu, ya tsuguna gaban ɗaya tayar.

"Wannan fa?"

"Lafiyarta ƙalau. Sabuwa ce, jiya ta fara taka ƙasa."

"Ita waccan yaushe ta fara?"

Na waiga na dubi tayar daman.

"Kafin jiya a ina suke kwana?"

"A kan rufi."

"Rufin kwano?" Ya cire hularsa ya mayar. "Tun yaushe?"

"Tun da daɗewa."

Inna ta sa baki. "Malam, rana tana yi. Mutane suna can da yunwa, ka sa mana guda ɗaya mu lallaɓa."

"Hajiya," in ji shi, ba tare da ya ɗago ba, "gara su ci abincin suna a makare da su ci na zaman makoki a kan lokaci."

Inna ta nemi wani tsohon ƙarfen taya ta zauna.

Ya ɗaga motar, ya kwance tayar hagu, ya sace iskarta, ya kwantar da ita a ƙasa. Ya ce in matso. Sai ya ɗora gwiwa a gefenta ya danna. Robar da na wanke da omo tana ƙyalli ta buɗe baki, tsaga-tsaga ko'ina, kamar lakar bakin kogi in ruwa ya janye. Ya sa yatsa biyu tsakanin zane ya ja, guntun roba ya ɓalle a hannunsa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ya ɗora mini a tafin hannu.

"Kin yi makaranta?"

"Na gama sakandare."

"Madalla. Ga wani ɗan zobe nan a gefe, da lamba huɗu a ciki. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Karanta."

Na goge ƙura na karanta.

"Ajinki nawa a wannan shekarar?"

Na lissafa a raina, na sake lissafawa. "Aji biyu. Na firamare."

"To kin gani. Ke kin girma kin zama direba, ita ta tsufa ta mutu a kwance. Roba ba ta jiran sai an hau ta. Ko a ɗaki ka kulle ta tana tsufa, balle a kan kwano, rana ta gasa ta daga sama, kwano ya gasa ta daga ƙasa. A wannan ranar tamu, taya in ta shekara biyar sai a riƙa yi mata kallon tuhuma. In ta doshi goma, ko zanenta ya kai rijiya zurfi, a sallame ta."

Na nuna masa ɗan furen nan, na ce ai mai kyau ce, daga waje take. Ya yi dariya har da tari.

"Ba fure ba ne, 'yata, ƙanƙara ce. An yi tayar nan don ƙasashen da ƙanƙara take rufe hanya. Robarta mai laushi ce don ta kama sanyi, shi ya sa zanen yake da zurfi yana ruɗin mutanenmu a kasuwa. Ɗana yana irin waɗannan ƙasashen. Ya turo mini hoton wani babur da suke hawa a kan ƙanƙara, ba shi da taya sam, sai wani faffaɗan bel na roba mai haƙora. Ya ce ko a can, in zafi ya zo a inuwa suke ɓoye shi, kuma ranar da suka ga ya fara tsagewa ko haƙori ya ɓalle, canzawa suke, ba sa jira ya tsinke musu a daji. Mutanen da rana take musu rowa ke nan. Ke kuma kin ɗauko 'yar ƙanƙara kin shanya ta a Omdurman."

A lokacin ne kuka ya zo mini. Na ce ni na hau tsani, ni na wanke su, ni na yi wa mai facin unguwa gatse, na kusa kashe uwata saboda in nuna na iya.

Inna ta kira Baba a waya ta faɗa masa, ta miƙo mini. Na kara a kunne. Sannan ya ce, "Ni na sa farce. Ba ke ba." Ya ce in ba shi mai banshar. Ina jin muryarsa tana fitowa daga wayar: "Malam, shekara talatin da farce nake auna taya!"

"Shekara talatin Allah yana rufa maka asiri, Alhaji," in ji tsohon. "Farce yana gaya maka abin da hanya ta ci. Ba ya gaya maka abin da rana ta ci."

Suka yi ta yi kamar sun san juna tun suna yara, har suka gano kakanninsu ta hanya ɗaya suka biyo.

Inna ta kwance bakin tob ɗinta suka daidaita kuɗi da tsohon. Ya shiga kwantena, can cikin duhu inda rana ba ta kaiwa, ya mirgino tayoyi biyu. Bai ɗaura ba sai da ya sa na nemo zoben da kaina na karanta masa da ƙarfi. Na bara ne, duka biyun. Ya sa na danna gefensu da gwiwata, na leƙa tsakanin zane. Ya zagaya da ni tayoyin baya da safaya, muka karanta nasu su ma. Ya ce na baya za su kai baɗi, amma in riƙa shafa gefensu duk Juma'a, in na ji ƙari ya kumbura ko na ga tsaga, ko sitiyari ya sake yi mini bugun zuciya, in tsaya a inda nake, ko da a ƙofar gidan biki ne.

Yau shekaru sun wuce. Motar ba ta hannunmu, gidan Alsawra ma ba mu san halin da rufinsa yake ciki ba. Amma har yanzu in zan shiga motar haya sai na tsuguna na nemi ɗan zoben nan. Direbobi suna yi mini dariya, wani ya taɓa tambayata ko kuɗina ne ya faɗi. In mota ta hau gada kuwa tafin hannuna yana jiƙewa, ina jin dum, dum ɗin nan ko ba ni nake tuƙi ba. Ban warke ba, kuma na daina jin kunyar faɗa. Abin da na riƙe shi ne, ajiye abu ba ya tsayar masa da kwana. Mun ɗauka muna tanadi ne, ashe kowace rana da ta fito tana cin rabonta a saman kanmu, mu muna ƙasa muna shan inuwa. Ban san sunan tsohon nan ba. Ban san ko yana raye ba, ko darbejiyar tana tsaye. In akwai wanda ya san mai banshar na gindin gadar nan, Bahaushe mai kaɗa tsumma, ya gaya masa yarinyar miyan taushe tana gaishe shi.

Ga yadda muka rabu. Ya gama ɗaure ƙusoshi, ya sauke motar, ya miƙo mini makulli. Na kasa karɓa. Inna ta zuba masa waina da abin da ya rage na saman miya a kwanonsa na shayi, don babu wani kwanon. Bai ci ba tukuna. Ya ɗauki wuƙa, ya ja tayar hagun nan zuwa gabana, ya tsarge gefenta tun daga sama har ƙasa, don kada wani ya tsince ta ya ga zane ya yi murna. Ana kiran la'asar a wani masallaci a bayanmu.

Ya jefar da ita bayan rumfa, ya goge hannu, ya sake miƙo makullin.

"Abin da zai kashe ki ga shi can, na yanka shi," in ji shi. "Kin tsira, 'yata, ke da uwarki. Tashi ki kai wa mutane abincinsu."

Na karɓa.